'Yata a Ohayo, ɗan Yayana a Zariya

Ni da maiɗakina duk AS ne. Allah Ya ba mu 'ya'ya uku, ta tsakiyar ce ta zo da sikila. A nan Amurka, inda muke zaune a jihar Ohayo, kowace jiha tana ɗibar ɗigon jini a dunduniyar jariri da zarar an haife shi, don haka yarinyar ba ta yi wata guda a duniya ba aka kira mu aka gaya mana. Ɗan Yayana da ke Zariya shi ma da ciwon aka haife shi, shekara ɗaya ce tsakaninsu, amma ba a gane ba sai da yatsunsa suka fara kumbura, yana kwana yana tsala kuka. Jini ɗaya, ciwo ɗaya. Sama da shekara goma ke nan ina kallon yadda kowannensu ke samun magani, kuma daga nan na samo abin da zan faɗa a kan inshorar lafiya.

Duk lokacin da na zo gida sai an ce mini, ai ku kun huta, gwamnati ke yi muku magani. Ba haka ba ne. Gwamnatin Amurka tana ɗaukar nauyin waɗanda suka kai shekara 65 ta shirin Medicare, da masu ƙaramin ƙarfi ta Medicaid, duka biyun tun 1965. Yawancin sauran jama'a kamfanoni masu zaman kansu ne ke riƙe da lafiyarsu, galibi ta hanyar wurin aiki. Ƙasar tana kashe kusan kashi 17 cikin ɗari na arzikinta a kan lafiya, babu ƙasa mai arziki da ta kama ƙafarta, amma har yau mutum na iya rasa gidansa saboda bashin asibiti. Ba na yi wa Najeriya fatan wannan tsari. Abin da nake so a duba shi ne takunkumin da aka sa wa kamfanonin nan daga 2010, domin shi ne ya canja rayuwar gidana.

Kafin Obama ya sa hannu a dokar da ake kira Obamacare ranar 23 ga Maris 2010, idan ka je sayen inshora da kanka, sai ka cika takarda ka lissafo duk ciwon da ka taɓa yi. Kamfani ya duba, in ya ga ciwon suga ko asma ko sikila, yana da ikon ya ce ba ya so, ko ya ninka maka kuɗi, ko ya karɓe ka amma ban da wannan ciwon da ya kawo ka. Akwai kuma iyakar abin da zai kashe maka a tsawon rayuwarka, in ka cinye ta shi ke nan. Mafi muni, wasu kamfanonin sai mutum ya kwanta da babban ciwo sannan su tono tsohuwar takardarsa, su nemo ɗan kuskure, su soke yarjejeniyar. Dokar ta haramta duk waɗannan. Ta ba 'ya'ya damar zama a inshorar iyayensu har su kai shekara 26. Ta kuma tilasta wa kamfani ya kashe aƙalla kashi 80 na kuɗin da ya karɓa a kan jinyar mutane, in ya gaza ya mayar musu da ragowar.

A 2015 na bar aikin sito na sayi motar dakon kaya ta kaina. Da a shekarun baya ne ba zan yi gigin barin aikin da ke ba iyalina inshora ba, ko da ubangidan yana taka ni kullum. Na zauna gaban kwamfuta da dare don sayen inshora a kasuwar da gwamnati ta buɗe a intanet, gabana yana faɗuwa, ina jiran a zo tambayar ciwo. Aka tambayi shekarunmu, unguwarmu, yawanmu a gida, abin da nake samu a shekara, da ko akwai mai shan taba. Aka ƙare. Na koma baya na sake karantawa don na zaci na tsallake shafi. Maiɗakina tana tsaye a bayana da kwanon abinci a hannu, ta ce, "Baban yara, ba su tambayi jininta ba?" Na ce ba su da ikon tambaya. Sai ta ajiye kwanon ta yi hamdala.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya zama ruwan sanyi. Bayan kuɗin da kake biya kowane wata, akwai wani adadi da dole ka fara kashewa daga aljihunka kafin kamfani ya sa hannu sosai, kuma duk watan Janairu lissafin yakan koma farko. Janairu kuwa shi ne tsakiyar hunturu, lokacin da ciwon 'yata ya fi tashi. Dokar ta sa iyakar abin da za ka kashe da kanka a shekara, amma iyakar ta haura dala 9,000 ga mutum ɗaya. Ga direba wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Mun sha cin bashi. Bambancin dai shi ne na san inda ramin ya tsaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne shekarar da likitarta ta nemi a yi mata wani gwaji na musamman, kamfanin ya aiko da wasiƙa cewa ba dole ba ne. Na karanta ta a mota, a bakin akwatin wasiƙu, raina ya ɓaci matuƙa. Amma a shafi na biyu, kamfanin da ya ƙi ni shi ne da kansa ya rubuta yadda zan ƙalubalance shi, domin doka ta wajabta masa. Kana da kwana 180 ka ɗaukaka ƙara. Su kuma dole su amsa cikin kwana 30 in maganin ba a riga an yi ba, cikin awa 72 in na gaggawa ne. In suka sake ƙi, sai a miƙa maganar ga wasu likitoci na waje waɗanda ba sa cin albashin kamfanin, kuma abin da suka yanke ya zauna. Muka bi matakan ɗaya bayan ɗaya, likitar ta rubuto bayaninta, na haɗa takardu a cikin fayil. A mataki na biyu aka ce a yi gwajin. Ban san kowa ba, ban kira wani babba ba, Turancina ma na kan hanya ne. Takardar ce ta yi aiki.

An ci gaba da toshe ƙofofi bayan haka. A da, za ka je asibitin da ke cikin yarjejeniyar kamfaninka, ashe likitan da ya yi maka allurar barci ba ya ciki, bayan wata biyu takardar kuɗinsa ta dira a gidanka. Dokar da ta hana wannan Trump ne ya sa mata hannu a Disambar 2020, ta fara aiki farkon 2022, sai dai ta bar motar ɗaukar marasa lafiya a waje, shi ya sa da yawa daga 'yan uwanmu a nan suka gwammace su tuƙa mara lafiya da kansu. Sannan Kotun Ƙoli ta yanke a 2012 cewa faɗaɗa Medicaid ga ƙarin talakawa, wanda Obamacare ta tanada, zaɓi ne ga jihohi. Ohayo ta karɓa, Teksas da Fulorida sun ƙi, saboda haka talakawa biyu masu samu iri ɗaya, ɗaya yana da magani ɗaya ba shi da shi. Wanda ba shi da takardun zama kuwa ba a yarda ya sayi inshora a kasuwar gwamnati ba ko da kuɗinsa. Duk da haka, marasa inshora sun ragu daga kusan kashi 16 cikin ɗari a 2010 zuwa kusan kashi 8 a 2023. Kuma kariyar nan ba ta da tabbas. A Yulin 2017 ƙuri'a ɗaya ce ta raba gardama a Majalisar Dattawa lokacin da aka so rushe sassan Obamacare, daren da Sanata John McCain ya juya babban yatsansa ƙasa, alamar bai yarda ba. Ban runtsa ba a daren.

To mu dawo Zariya. Idan ciwon yaron nan ya tashi, wayata ce ke fara sanar da ni, a zauren WhatsApp na dangi. Yaya zai rubuta, "An kwantar da shi, sun ce a kawo jini leda biyu." Kafin gari ya waye wannan ya tura dubu biyar, waccan ta sayar da akuya, ƙanenmu ya miƙa hannu a ɗebi jininsa, Goggo ta iso da kunu a fulas ta shimfiɗa tabarma a baranda. Wannan ita ce inshorarmu, kuma ina girmama ta. Ba ta tambayar ciwon da aka haife ka da shi, ba ta aiko wasiƙar ƙi. A nan na kwana biyar a asibiti da 'yata, ban da limaminmu da abokai biyu babu wanda ya leƙo. Amma inshorar dangi tana da iyaka, iyakarta ita ce ranar da kowa ya ƙare. Sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Yayana malamin makaranta ne, ya sayar da filinsa, ya sayar da babur. Maganin hydroxyurea da 'yata ke sha kullum ba fashi, shi ɗan nasa sai watan da aka samu.

Ba wai ba mu da dokoki ba ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. A 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙin majinyata. A Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta maye gurbin tsohon shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, ta mai da inshorar lafiya wajibi a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu. Jihohi irin su Kano da Kaduna sun kafa hukumomin taimakekeniyar lafiya nasu. Amma ku tambayi masu riƙe da katin nan abin da suka fi ji a tagar magani. "Babu shi a sito, a je a saya a waje." Ko kuma a zaunar da mara lafiya awanni ana jiran lambar amincewa daga kamfani. Mutum ya haɗiye ɓacin ransa ya ce Allah Ya isa, domin babu wanda ya nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Tsorona ke nan game da wajabta inshora. In za a cire kuɗi daga albashin malamin makaranta, ko a karɓa daga hannun mai shayi da ɗan acaɓa, to tun ranar farko a ba shi abin da zai riƙe kamfani da asibiti da shi. Duk maganin da aka hana, a rubuta dalili a takarda a ba shi, da Hausa in Hausa yake ji. A bayan katin a buga lambar da zai kira da adadin kwanakin da dole a amsa masa. A samu likitoci masu zaman kansu da za su yanke hukunci in an yi jayayya. In ya sayi maganin da ke cikin yarjejeniya a kemis, a biya shi kuɗinsa. Sannan a fito fili a faɗi abin da inshorar za ta yi wa mai sikila, daga gwajin jarirai zuwa ƙarin jini da maganin yau da kullum, tunda babu ƙasar da ta kai mu haihuwar yara masu wannan ciwo.

Makon jiya Yaya ya kira ni, ya ce an kawo musu fom a makaranta, yana so ya sa yaron a ciki. Ya ce, "Kai da ka san kan abin, in cika?" Na ce, "Yaya, ka cika, amma kafin ka sa hannu ka ce su ba ka jerin magunguna da gwaje-gwajen da suka ɗauka, a rubuce, ka ɗauki hotonsa ka turo mini." Ya je ofishin sau biyu, sun ce ya dawo ranar Litinin.