Ga Wanda Zuciyarsa Ta Yi Nauyi Bayan Sallah

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa maza da mata. Da fatan an yi Sallah lafiya, Allah ya karɓi ibadunmu.

Daren Lahadi na iso ɗakina a Mararaba, bayan kwana shida a gida. Na buɗe ƙofa na tarar da komai yadda na bar shi, sai ƙura da ta kwanta a kan katifa. Na ajiye jakata, na fito da ƙullin kuka da daddawa da yajin da Inna ta ɗaure mini, na zauna ina kallonsu. Ba a yi mini rasuwa ba, ba na ciwo, aikina yana nan yana jirana, amma ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Da asuba na je masallacin unguwa. Masallacin da a goman ƙarshe sai an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, na same shi sahu ɗaya bai cika ba. Ni kaina da ƙyar na riski raka'a ta biyu. Na shiga cunkoson Nyanya da safe ina tambayar kaina, shin ni ne mutumin da ya zubar da hawaye a daren ashirin da bakwai?

Na san ba ni kaɗai ba ne. Akwai ɗan kasuwar da ya buɗe shagonsa a Kantin Kwari ya wuni yana hamma, ciniki ya ja baya domin kowa ya riga ya yi ɗinkinsa. Akwai ɗalibar da ta koma makaranta, littafi a buɗe a gabanta amma hankalinta yana tsakar gidansu. Akwai magidancin da ya bar mata da 'ya'ya ya hau mota zuwa Legas ko Fatakwal, ba zai sake ganinsu ba sai Babbar Sallah in Allah ya kai rai. Akwai kuma wadda ba a cika tunawa da ita ba: uwar da gidanta ya cika da 'ya'ya da jikoki, aka yi ta hayaniya kwana huɗu, yau kowa ya watse ya bar ta da manyan tukwane da shirun gida. Dukanmu wannan nasihar ta shafe mu, kuma kaina nake fara yi wa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne tunanin ko munafunci ne. Sai na tuna da Hanzala al-Usayyidi, ɗaya daga cikin marubutan Manzon Allah (SAW). Imam Muslim ya ruwaito cewa Sayyidina Abubakar ya haɗu da shi ya ce, yaya kake ya Hanzala? Sai ya ce, Hanzala ya yi munafunci. Abubakar ya ce, Subhanallah, me kake faɗa haka? Ya ce, idan muna wurin Manzon Allah yana tunatar da mu wuta da Aljanna, sai mu ji kamar muna ganinsu da ido, amma da mun fita mun cuɗanya da mata da 'ya'ya da harkokin nema, sai mu manta da abubuwa da yawa. Ku saurari amsar Abubakar, mutumin da ba a haifi kamarsa ba a wannan al'umma bayan Annabi: ya rantse da Allah cewa shi ma yana samun irin haka. Suka tafi tare suka faɗa wa Manzon Allah (SAW). Sai ya ce musu, da za ku dawwama a kan halin da kuke ciki a wurina da kuma cikin ambaton Allah, da mala'iku sun riƙa gaisawa da ku hannu da hannu a kan shimfiɗunku da kan hanyoyinku. Sai dai ya Hanzala, sa'a da sa'a. Ya maimaita har sau uku. Wato lokaci na ambaton Allah, lokaci kuma na harkokin rayuwa.

Na daɗe da sanin wannan hadisi, amma ban taɓa jin ya shige ni ba kamar ranar Litinin ɗin nan cikin motar haya. Su da suke zama gaban Annabi da kansa, zukatansu suna hawa suna sauka. To ina ga ni da ke, da ni da kai? Ramadan zama ne irin na majalisar Annabi gwargwadon rabonmu: an ɗaure shaiɗanu, ga tafsiri ta kowace kusurwa, ga asham, ga tahajjud, duk wanda ka kalla yana cikin ibada. Sallah kuma ta zo da hawa da kwalliya da ziyara da tuwon Sallah. Wanda ya fito daga wannan ya faɗa ofis ko kasuwa ko gona, dole ya ji bambanci. Jin zafin wannan bambanci ma alamar rai ce a zuciya. Munafuki ba ya kwana yana damuwa don imaninsa ya yi ƙasa.

Sannan mu yi wa kanmu adalci, ba kowane nauyi ba ne daga raunin imani yake. Wata guda cur mun mayar da dare rana. A goman ƙarshe wasunmu ba sa haɗa barcin awa huɗu a jere. Cikin da ya saba da sahur da buɗa-baki ya koma cin nama da cincin da lemo ba ƙaƙƙautawa. Ga doguwar tafiya a mota. Jiki yana da haƙƙinsa, kuma yana buƙatar kwanaki kafin ya koma kan tsarinsa. Na ga amfanin abu ɗaya mai sauƙi: ajiye waya bayan isha'i a kwanta da wuri. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana duba hotunan Sallar mutane a Facebook da WhatsApp, ya haɗa wa kansa asara biyu, ya rasa asuba, kuma ya kwanta yana ganin kowa ya fi shi jin daɗi, alhali abin da aka zaɓa aka nuna masa kawai ya gani.

Sai maganar aljihu, wadda ba a son faɗa. Iyayenmu sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, amma a wannan zamani ba wawa kaɗai take bari da bashi ba. Mutumin kirki ne ya ɗinka wa yara, ya fitar da zakkar kono, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya ba da barka da Sallah, ya dawo ga kuɗin makaranta yana jiran sa, wata kuma bai yi nisa ba. Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, ya ce ya sha jin sa yana yawaita cewa: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazani, wal ajzi wal kasali, wal bukhli wal jubni, wa dala'id daini wa galabatir rijal. Ya Allah ina neman tsarinka daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da rowa da tsoro, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Malamai sun ce hammu damuwa ce a kan abin da ke tafe, hazan kuma baƙin ciki ne a kan abin da ya wuce. Ku dubi halin da muke ciki a wannan mako: kewar kwanakin da suka wuce, fargabar ƙarshen wata, kasalar tashi aiki, da bashi. Kamar don mu aka koyar da wannan addu'a. Ku haddace ta, ku koya wa yaranku. Wanda kuma ake bi bashi, ya kira mai kuɗin ya yi masa bayani da alƙawarin da zai iya cikawa, kada ya kashe waya. Ɓuya tana ƙara wa zuciya nauyin da bashin kansa bai kai ba.

Inda haɗarin yake shi ne mutum ya ɗauki sa'a da sa'a ya mayar da ita lasisin sakaci. Hanzala da Abubakar sa'arsu ta biyu ita ce iyali da neman halal, ba barin salla ba. Allah Ta'ala ya buga mana misali a Suratun Nahl aya ta 92, ya ce kada ku zama kamar wadda ta warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. Duk wanda ya taso ya ga kakarsa da mazari da alli da abawa ya san wahalar kaɗi, wuni guda ana murzawa kafin a tara ɗan abin kirki. A ce ta gama, sannan ta zauna da hannunta tana warware shi sili-sili! Kwana talatin muka yi muna kaɗi. Saukowa daga tahajjud zuwa barci ba warwarewa ba ce. Warwarewa ita ce asuba ta koma ƙarfe bakwai, harshen da aka kame ya koma cin naman mutane, mudun da aka cika a azumi ya koma tauyewa, lambar da aka goge don tsoron Allah a sake neman ta.

Saboda haka kada ka ɗora wa kanka Ramadan a Shawwal, ba za ka iya ba, kuma in ka gaza sai ka saki duka. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kama farilla da haƙoranka tukuna. Sayyidina Usman ya ruwaito cewa wanda ya yi isha'i cikin jam'i kamar ya raya rabin dare ne, wanda kuma ya yi asuba cikin jam'i kamar ya sallaci dare gaba ɗaya. Ashe ƙofar tsayuwar dare ba a rufe ta ba, tana nan a masallacin unguwarku kullum. Alƙur'ani izu 60 ne. Mai izu ɗaya a rana zai sauke cikin wata biyu. Wanda hakan ya yi masa yawa ya ɗauki sumuni biyu bayan asuba, kada dai Mus'hafin ya koma saman kwaba ya jira baɗi. Ga kuma Sitta Shawwal, wanda Abu Ayyub al-Ansari ya ruwaito cewa mai bin Ramadan da shi kamar ya azumci shekara ne, domin kwana 36 in aka ninka goma ya zama 360. Ba dole a jera su ba, watan yana da faɗi. Mai ramuwa a kansa, musamman iyayenmu mata, ya tuntuɓi malaminsa kan wanda zai fara gabatarwa.

Aikin da muke jin nauyin komawa gare shi ma, mu gyara masa niyya. Allah da ya ce a bar ciniki a tafi Juma'a, shi ne ya ce a Suratul Jumu'a aya ta 10 idan an idar da salla ku watsu a bayan ƙasa ku nemi falalar Allah. Sakhr al-Gamidi ya ji Annabi (SAW) yana roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Shi ɗan kasuwa ne, sai ya riƙa tura hajarsa da sassafe, har dukiyarsa ta yawaita. Ina faɗin wannan da ciwo a raina, domin mun saba gwamnati ta ba da hutun kwana biyu mu ƙara wa kanmu mako guda, marar lafiya yana jira a asibiti, yara suna zaune a aji babu malami, mai neman sa hannu a takarda yana ta zarya. Albashin waɗannan kwanaki za a tambaye mu shi. Malamin da ya shiga aji a kan lokaci ranar farko, zuciyarsa ba daɗi amma ya daure don amana, yana cikin ibada ko bai sani ba.

Kewar gida kuwa, kada a bar ta ta zama ciwo a ɓoye. Zumuncin da aka ƙulla da Sallah a ci gaba da shi. Ka kira mahaifiyarka yau, ba sai ta kira ka ba, domin shirun da ya dame ka a ɗakinka ya fi damun ta a nata. Ka leƙa maƙwabcinka baƙo da bai samu kuɗin motar zuwa gida ba ya yi Sallarsa shi kaɗai. Lokacin da Mala'ika Jibrilu ya yi jinkirin zuwa, mushirikai suka ce an yi ban kwana da Muhammadu, Allah ya saukar da Suratud Duha: Ubangijinka bai yi ban kwana da kai ba, kuma bai ƙi ka ba. A ƙarshen surar sai ya yi umarni da kula da maraya da mai tambaya. Na jarraba na gani, ranar da na kai wa wani dattijo mai gadi a layinmu rabin tsarabar Inna muka zauna muka yi hira, ranar ce na fara jin ƙirjina ya saki.

Magana ɗaya ba zan tsallake ba. Irin wannan nauyi yakan tafi da kansa cikin 'yan kwanaki. Idan ya haura mako biyu, abinci ba ya ciyuwa, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abin da kake so a da ya fita daga ranka, ko ka fara jin rayuwar ma ba ta da amfani, to ka faɗa wa wanda ka amince da shi kuma ka je wurin likita, ba tare da ka bar addu'a ba. Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Mu kuma da aka kawo wa kuka, kada mu sallami ɗan'uwa da cewa rashin tawakkali ne. A saurare shi, a raka shi asibiti in ta kama.

Jiya da asuba na ƙirga, mun kai sahu ɗaya da rabi. Liman ya karanta Alam Nashrah a raka'a ta biyu, da ya zo kan Fa iza faragta fansab, idan ka gama sai ka sake dagewa, na ji dattijon da ke gefena ya ja dogon numfashi. Waɗanda suke kan hanyar komawa wuraren nemansu har yanzu, Allah ya kai ku lafiya, ya tsare iyalan da kuka bari. Wanda ke da bashi Allah ya yaye masa. Ku saka ni da mahaifiyata a addu'a.