Dubi Tsakanin Yatsunka

Assalamu alaikum 'yan uwa. In ka zo alwala anjima, ka ɗan dakata wajen tsettsefe yatsu, ka dubi ratar da ke tsakaninsu. Da can babu ita.

Kana ɗan mako 4 a mahaifa, tsawonka bai wuce ƙwayar shinkafa ba, hannunka ɗan tsiro ne a gefen jiki kamar ƙurji. Ƙwayoyin halittar da ke cikinsa suna da wani sinadari mai danƙo kamar ƙaro, masana na ce masa kaderin, shi ke sa su manne wa junansu. Inda suka dunƙule nan guringuntsi ke fitowa, daga baya ya ƙanƙare ya zama ƙashi, har guda 27 daga wuyan hannu zuwa kan yatsu. Daga gefen da ƙaramin yatsa zai fito kuma wata ƙwayar gado ke aika saƙo, ita ke raba wa yatsu matsayi: wannan babba, wannan manuni.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne, a mako na 6 tafin nan a haɗe yake kamar ƙafar agwagwa. Sai umarni ya zo wa ƙwayoyin da ke tsakani cewa su mutu, su kuwa mutu babu gardama, kafin mako na 8 ya cika yatsu sun rabu. Ita agwagwa an tsare nata, don da shi za ta yi iyo. "Shi ne Yake suranta ku a cikin mahaifu yadda Ya so" (Ali Imrana: 6). Subhanallah!

To, wanda aka haifa da cindo ko haɗaɗɗun yatsu, ɗan sauyi ne ya auku a wannan tsari. Wa kake wa dariya ke nan? Kuma a daina ɗora wa uwa laifi, wai ta tsallake wani abu da dare.

'Yan uwa mata, makonnin nan ne da yawa ba su ma san sun ɗauki ciki ba. Daga 1957 zuwa 1961, maganin talidomaid da aka ƙera a Jamus, wanda mata suka riƙa sha saboda laulayi, ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, wasu da guntayen hannuwa da ƙafafu. Ciki amana ne. Da kin ga batan wata, ki bar sayen magani a kemis da ka, ki je asibiti. Maigida, kuɗin motar a wuyanka yake.