Sarki ɗaya suka yi wa yaƙi, Kanada da kakanninmu na Burma

Shekarata bakwai ke nan a Ottawa, amma har yau in Nuwamba ya kama sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Tun ƙarshen Oktoba za ka fara ganin mutane da ɗan jan fure maƙale a gaban riga, direban bas, masu karanta labarai a talabijin, har 'yata bara ta dawo daga makaranta da nata tana ce min Abba kai ina naka. Ranar 11 ga wata ƙarfe 11 na safe sai a yi tsit na minti biyu don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, in an tashi daga taro mutane su cire furen su ajiye a kan kabarin sojan nan da ba a san sunansa ba har ya koma ja wur. Ni kuma duk lokacin da nake tsaye cikin sanyin nan kakana na wajen uwa nake tunawa, wanda ya je Burma a yaƙin Hitila ya dawo da tari da lambar yabo guda ɗaya.

Da farko na ɗauka Kanada ƙasa ce da tun fil azal take cin gashin kanta, sai da na zauna karatun jarrabawar zama ɗan ƙasa idona ya buɗe. An haɗa ƙasar ne ranar 1 ga Yuli 1867, amma harkar waje duk tana hannun Landan. Shi ya sa da Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus ranar 4 ga Agusta 1914, babu wanda ya tambayi Kanada, kawai gari ya waye tana cikin yaƙi, kamar dai yadda aka yi mana. Ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 8 ba ta sa wa sama da 600,000 kakin soja, sama da 60,000 ba su dawo ba. A tudun Vimy kawai, a arewacin Faransa, cikin kwana huɗu na Afrilun 1917 an kashe musu mutum 3,598, kuma shi ne karo na farko da rundunoninsu huɗu suka kai hari tare. In ka ji ɗan Kanada na cewa a Vimy aka haifi ƙasarsu to wannan yake nufi, kodayake masana tarihinsu da yawa na ganin an ɗan zuzuta maganar, kuma nima haka nake gani, don shekarar ce ma ƙasar ta kusa rabewa. Firaminista Robert Borden ya kawo dokar tilasta shiga soja, mutanen Kebek masu jin Faransanci suka ce sam ba za su mutu don sarkin Ingila ba, har aka yi tarzoma a birnin Kebek a 1918 sojoji suka buɗe wuta mutum huɗu suka mutu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da suka yi da wannan jinin bayan an gama. Borden ya kafe cewa ƙasar da ta binne 'ya'yanta 60,000 ba za ta tsaya a bakin ƙofa ba a wurin sulhu, dole aka bar Kanada ta sa hannunta a yarjejeniyar Versailles a 1919, ta kuma samu kujerarta a ƙungiyar ƙasashen duniya ta lokacin. A 1922 da Birtaniya ta so gwabzawa da Turkiyya ta aiko neman sojoji, Firaminista Mackenzie King ya ce sai abin da majalisar Kanada ta yanke, ba su je ba. A 1931 dokar Westminster ta sakar musu mara su yi wa kansu doka. Da yaƙi na biyu ya zo, Birtaniya ta shiga ranar 3 ga Satumba 1939, su kuma suka jira sai 10 ga wata bayan majalisarsu ta zauna ta amince, sati ɗaya kacal amma satin nan duk shi ne maganar, wato da ƙafarmu muka zo ba jawo mu aka yi ba. Sama da miliyan ɗaya suka yi aikin soja, kusan 45,000 suka mutu, a Dieppe ta Faransa kaɗai a 1942 sama da 900 rana guda. Har yanzu duk bazara Ottawa cika take da furanni saboda kyautar da Holan ke aikowa ta godiyar 'yanto su da aka yi.

Sauran kuma a hankali suka yi ta tsinta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sai 1947 aka fara samun wani abu wai shi ɗan ƙasar Kanada a doka, kafin nan duk talakawan sarkin Ingila ne. 1949 aka daina kai ɗaukaka ƙara Landan. Tutar nan mai jan ganye da kowa ya sani, 15 ga Fabrairu 1965 aka fara ɗaga ta, wato tutarmu kore fari kore ta girme ta da sama da shekara huɗu. Kundin tsarin mulki kuwa sai 17 ga Afrilu 1982 ya dawo hannunsu gaba ɗaya zamanin Firaminista Pierre Trudeau, shi ma gwamnatin Kebek ba ta sa hannu ba har gobe. Mu Najeriya mun karɓi mulki 1960, 1963 muka sallami sarauniya muka zama jamhuriya, su har yanzu Sarki Charles ne shugaban ƙasarsu, kuma ranar da na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa sunansa na ambata, wallahi sai da bakina ya yi nauyi.

Wani abokina a nan kullum cewa yake ka gani, su sun bi a sannu shi ya sa ƙasarsu ta zauna, mu gaggawa ce ta kashe mu. Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Wanda ake ba shi tuwo a ɗakin uwarsa zai iya jira, wanda aka ɗaure a turke ba zai iya ba. Turawan Kanada 'ya'yan gida ne, jini ɗaya da masu mulkin, suna da majalisarsu da ƙuri'arsu tun kafin yaƙin, mu kuwa da bindiga aka ci Kano da Sakkwato a 1903, bayan shekara 11 aka tura mutanenmu su yaƙi Jamus a Kamaru. Ga ma abin da 'yan Arewa da yawa ba su sani ba, wanda ya gaji Lugard a mulkin Arewa a 1907, Percy Girouard, haifaffen Montreal ne, shi ya tsara jirgin ƙasan Baro zuwa Kano. To ka ga a wancan zamanin ɗan Kanada yana gefen masu riƙe da bulala ne. In ana neman waɗanda labarinsu ya yi kama da namu a ƙasar nan sai dai 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar, dubbansu sun je yaƙin duka biyu, irin su Francis Pegahmagabow da ya yi suna wajen harbi, suka dawo aka ci gaba da kwashe 'ya'yansu ana kaiwa makarantun kwana don a raba su da harshensu, kuma ba a ba su damar zaɓen tarayya ba tare da sharaɗi ba sai 1960, shekarar da mu muka samu 'yanci. Baƙaƙen fata ma da ƙyar aka karɓe su soja a 1916, aka ware musu bataliyar leburanci. Jafanawan Kanada sama da 20,000 aka kwashe daga gidajensu a 1942. Duk wannan yana cikin tarihin kuma ana koya wa yara, gwamnati ta fito ta nemi gafara.

Inda abin yake min ciwo shi ne nan. Rashin biyan kakanninmu haƙƙinsu laifin Bature ne, kuɗin sallamar da aka ba su bai kai na farar fata ba, kuma a 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila da bakinta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka rubuta na Turawa. Amma mantawar da muka yi da su fa, wannan wa za mu ɗora wa? Rundunoni na 81 da na 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a dazukan Arakan da kwarin Kaladan, 'yan Arewa ne da yawansu, Hausa ce ma harshen bariki. Na girma a Zariya ina wuce barikin Chindit kusan kullum, babu malamin da ya taɓa ce min sunan daga yaƙin Burma ya fito, haka Dalet na Kaduna. Muna da ranar 'yan mazan jiya 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, amma a yadda na san ta manya ne ke ajiye furanni a Abuja a saki tantabaru, talaka sai dai ya gani a labaran dare. A nan ginin majalisarsu akwai littattafai da aka rubuta da hannu sunan kowane sojan da ya mutu, sama da mutum 100,000, kullum ƙarfe 11 na safe a buɗe shafi na gaba, in kakanka na ciki za ka iya tambayar ranar da za a kai kan sunansa ka je ka gani. Wannan ba kuɗin mai yake buƙata ba, niyya ce.

Bara bayan maganar 'yata na kira kawuna a waya na ce Kawu don Allah lambar nan ta Tsoho tana ina. Ya yi shiru, can ya ce ai tun da aka yi gyaran gida ba a sake ganin gwangwanin da take ciki ba. Muka fi awa ɗaya yana ba ni abin da yake iya tunawa, jirgin ruwan da suka hau daga Legas, ruwan saman da Tsoho ke cewa ba ya ɗaukewa, matsattsakun da ke manne musu a ƙafa, da abokinsa ɗan Katsina da suka binne a can. Na rubuta duka a takarda, Hausa a sama Turanci a ƙasa, ta tafi da ita makaranta, malamarsu ta sa ta karanta a gaban aji.