Tsakanin Kano da Kumasi, kuɗin sadaka na shan wahalar hanya

Da iskar farkon damina ta yaye kwanon makarantar Islamiyyarmu a unguwar Aboabo ta Kumasi, ni dattawan unguwa suka ɗora wa tara gudunmawa.

Nan cikin Gana abin bai ba ni wuya ba. Lambar MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta waya, kawai na bayar. Gwaggo mai koko da ƙosai ta bakin masallaci ta danna *170# a ƙaramar wayarta, ta turo sidi 10, ba intanet, ba asusun banki. Tun 2009 aka fara wannan tsari a nan, ya kuma shiga jikin mutane, ko harajin tura kuɗi da aka ƙaƙaba a 2022 bai raba su da shi ba, har aka soke shi a 2025. A Kano, inda na tashi, lambar asusu ake bayarwa, a jira alat. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa har mai shayi karɓar taransifa. A ganina na Gana ya fi kusa da talaka, don lambar wayarka ita ce jakarka.

Wahalar tana bakin iyaka. Yayana ya kira daga Fagge ya ce, "Ƙanina, ina zan tura? Wannan lambar taka ba ta shiga manhajar bankina." Yaran unguwa da ke Jamus da Ingila kuma suka ce in buɗe musu wurin biya da kati. Mako uku na yi a kai. Wani kamfanin waje mai karɓar biya da kati ba ya ma karɓar mazauna Gana. Wani ya nemi takardar rajistar ƙungiya, alhali makarantar malami ɗaya ce da almajiransa da amanar unguwa. Na ukun ya yarda, amma ya yanki kasonsa, canji ma ya ci nasa. Wannan ya fi ci mini rai. Mutum ya cire daga guminsa don Allah, a zaftare tun bai kai ga buhun siminti ba.

A Accra aka ƙaddamar da wani tsari mai suna PAPSS a 2022, don ƙasashen Afirka su riƙa biyan juna da kuɗinsu ba sai an bi ta dala ba. Tunani ne mai kyau, ina so in ga ranar da zai iso wayar Gwaggo. Kakanninmu fatake sun yi ta safarar goro daga Gwanja zuwa Kano a kan jakuna, bashi da saƙo suna tafiya da amana.

Hanyarsu muka koma. Wani Alhaji mai shago a kasuwar Kejetia ta Kumasi ya sa yaronsa ya karɓi nairar a Kano, shi kuma ya ƙirgo mana sidi a nan bayan la'asar, bai cire ko kwabo ba. Ranar Asabar kafinta ya hau rufi.