Zuciyar ƙarfe ta Sydney: kwana 100 ba hujja ba ce

Tun da aka sanar a watan Maris na 2025 cewa wani mutum a Ostareliya ya rayu fiye da kwana 100 da zuciyar ƙarfen titaniyam da kamfanin BiVACOR ya ƙera, har asibitin St Vincent's da ke Sydney ya sallame shi kafin a samo masa zuciyar ɗan Adam, wasu kafafen labarai suka shiga yayata cewa zamanin jiran dashen zuciya ya wuce. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin masu fama da gazawar zuciya da iyalansu ne ke karanta ta.

Likitocin sun cancanci yabo, amma na'urar da za ta zauna a ƙirjin mutum da shekaru ake auna ta. Famfon HVAD na kamfanin Medtronic, wanda ake dasawa don ya taimaka wa zuciya mai rauni harba jini, shi ma ya sha yabo, an kuma dasa wa dubban majinyata, sai ga shi a watan Yuni na 2021 an dakatar da sayar da shi saboda yawan shanyewar ɓarin jiki da kuma yadda wasu famfunan ke ƙin tashi bayan sun tsaya. Waɗanda aka riga aka dasa wa, da shi suka ci gaba da kwana da tashi, cikin fargaba.

Ko HeartMate 3, wani famfon irin wannan na kamfanin Abbott, wanda ya mamaye kasuwar tun daga lokacin, binciken MOMENTUM 3 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka dasa wa shi ne suka kai shekara biyar da rai. Wannan ci gaba ne na gaske. To amma wa ke ba mai karatu labarin wayar da ke ratsa fatar ciki zuwa batir, wadda ƙwayoyin cuta ke bi su shiga jiki, ko maganin tsinka jini na warfarin da zubar jinin hanji da ke biyo baya, ko buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa? A 2024 ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta fitar da gargaɗi mafi tsanani kan toshewar bututun da jini ke bi na famfunan HeartMate II da 3.

Masu cewa kowace fasaha da tuntuɓe take farawa sun manta cewa a jikin mutane ake yin tuntuɓen.

Ya kamata hukumomi su tilasta wa kamfanoni bayyana sakamakon kowane majinyaci na tsawon shekaru, editoci kuma su riƙa buga adadin waɗanda suka rasu a shafi ɗaya da hoton wanda aka sallama.