Ba Salsala Ce Ta Hura Wutar Yaƙin Sarautar Ingila Ba

Idan aka zo bayanin yaƙin basasar da gidajen Lancaster da York suka gwabza a Ingila daga 1455 zuwa 1487, da salsala ake farawa. 'Yan Lancaster zuriyar John na Gaunt ne, ɗan Sarki Edward na Uku. 'Yan York kuwa ta wajen Lionel, yayan John, suke kafa hujja, amma ta hannun 'yarsa Philippa. Duk gaskiya ne. A ganina dai salsalar nan uzuri ce da aka zaro bayan ɓarna ta riga ta auku.

Tun 1399 Henry na Huɗu, ɗan John na Gaunt, ya tuɓe Richard na Biyu ya tsallake zuriyar Lionel. An yi tawaye, an murƙushe, har an fille kan mahaifin Richard na York, magajin hujjar zuriyar Lionel, a 1415. Duk da haka Richard ɗin ya girma ya yi wa Henry na Shida, jikan Henry na Huɗu, mubaya'a, ya wakilce shi a Faransa da Ayilan. Bai nemi gadon sarauta a fili ba sai Oktoban 1460, ran da ya shiga zauren majalisa a Westminster ya ɗora hannu kan karagar da ba kowa a kanta, yana jiran shewa. Manyan ƙasa suka yi tsit. Abin da ya samu kawai shi ne yarjejeniyar cewa zai gaji Henry, kuma kafin shekarar ta ƙare aka kashe shi a Wakefield, aka kafa kansa a ƙofar birnin York da kambin takarda.

Abin da ya lalace shi ne aikin sarki. Henry na Shida ya gaji sarauta a 1422 yana ɗan wata tara, ya kuma girma bai iya cewa a'a ba. Ya yi ta rabon filayen masarauta ga na kusa da shi, wajen 1450 bashin da ake bin fadar ya kai kimanin fam 372,000. Daga yankunan da Ingila ke riƙe da su a Faransa, Normandy ta suɓuce a 1450, Bordeaux ta bi baya a 1453, a shekarar ce kuma sarki ya kwanta da taɓin hankali, fiye da shekara guda bai gane kowa ba.

Sai a haɗa wannan da yadda ake tara mayaƙa a lokacin. Ingila ba ta da rundunar dindindin. Kowane basarake yana ɗaukar mutane da takardar yarjejeniya, ya biya su, ya ba su tufafi masu tambarinsa, ya tsaya musu a kotu. Sarki ne kaɗai mai raba gardama tsakanin irin waɗannan manya, da ya gaza sai gidan Neville da gidan Percy suka fara warware rikicinsu na arewa da takobi, kowa ya nemi ɓangaren da zai jingina.

Rundunar da aka haɗa ta haka ba ta yarda da junanta. A Barnet, cikin hazon Afrilun 1471, mutanen basaraken Warwick, ɗan gidan Neville da ya koma ɓangaren Lancaster, suka ga tambarin tauraro na abokin yaƙinsu basaraken Oxford, suka zaci tambarin rana ne na abokin gabarsu Edward na Huɗu, ɗan Richard na York, suka yi masa ruwan kibau. Nan take aka ɗau ihun an ci amana, sahu ya watse, aka kashe Warwick. A Bosworth ma, 22 ga Agusta 1485, dakarun gidan Stanley sun tsaya gefe suna kallo kafin su afka wa Sarki Richard na Uku, ƙanin Edward na Huɗu.

Wanda ya ci nasara ranar, Henry Tudor na ɓangaren Lancaster, hujjarsa ta jini ta fi ta kowa rauni, domin ta wajen uwarsa Margaret Beaufort take. Majalisa ba ta ma tsaya tantance ta ba, ta ce shi ne sarki kawai. Shi kuwa ya mayar da farkon mulkinsa 21 ga Agusta, don duk wanda ya yaƙe shi washegari ya zama maci amanar ƙasa, a iya ƙwace dukiyarsa. Ya auri Elizabeth ta York a Janairun 1486, ya ɗaure manya da takardun tara masu nauyi, a 1504 kuma aka yi dokar da ta hana tara mabiya sai da izinin sarki.