Katakon Suwidin da azarar Daura

Gidan da nake haya a garin Växjö, kudancin ƙasar Suwidin, bene ne mai hawa shida, kuma in ka cire harsashi da hawan ƙasa, duk da katako aka yi shi. Ranar da na gaya wa Baffana haka ta waya sai ya yi salati, ya ce, "Ɗana, ka nemi wani gidan tun gobara ba ta ritsa da kai ba." Ban ga laifinsa ba. Su ma mutanen nan sun daɗe da wannan tsoron. Gobara ta sha cinye garuruwansu a ƙarni na 19, har aka hana gina gidan katako da ya wuce hawa biyu, kuma ba a ɗage hanin ba sai a 1994.

Katakon ne ya sauya. Yanzu falankai ake jerawa, a ɗora wani jeri a gicciye bisa wani, a shafa gam a matse, har a sami allo mai kaurin bango. A Ostiriya aka inganta wannan dabara a shekarun 1990. Tun a masana'anta ake yanke gurbin ƙofa da taga. Na tsaya bakin wani gini kusa da mu ina kallo: tirela ta kawo bango sukutum, injin ɗaga kaya ya sauke shi, mutum huɗu suka ɗaure shi da noti, ba kwaɓa siminti, ba jiran bushewa. Batun wuta kuwa, duk matar da ta taɓa girki da gungume ta san bayansa ke zama gawayi, cikinsa ya daɗe bai ci ba. A Norwe har sun gama bene mai hawa 18, tsayinsa mita 85, a 2019.

Ina ganin 'yan uwa a Facebook suna cewa a kawo mana irin wannan Katsina, a huta da tsadar siminti. Ni ban yarda ba, kuma a cikinsa nake kwana. Kusan kashi biyu bisa uku na ƙasar Suwidin daji ne, kuma tun 1903 doka ta wajabta wa wanda ya sare daji ya sake dasawa. Su ba su san gara ba. Mu fa? Katakon da kafinta ke rufa mana kwano da shi daga Kudu ake ɗauko shi, ɗan abin da ya rage mana kuma itacen girki da gawayi na cinye shi, hamada na matsowa. Wanda ba shi da saniya ba ya alkawarin nono.

Abin da na ɗauka daga wurinsu shi ne suna gini da abin da ƙasarsu ke ba su, kuma suna mayar mata. Mu ma haka muke da. Ɗakin kakata a Daura na tubali ne, rufin soro. In na kwanta rigingine ina ƙirga azarar da hayaƙi ya mayar baƙa wuluk, an jera ta reras, ba gara ko ɗaya a jikinta, domin daga gindin giginyar da ta ƙosa aka faso ta. A tsakiyar watan Afrilu, rana na dukan ƙasa, ka shiga ɗakin nan ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Hasumiyar Gobarau ma da ƙasa aka gina ta, ga ta nan tsaye ƙarni bayan ƙarni. Muka rushe soraye muka koma bulo da kwano, yanzu da bazara magidanci da iyalinsa a tsakar gida suke kwana, suna jiran a kawo wuta fanka ta juya.

Na san ginin ƙasa na da wahalarsa. Yana son yaɓe, kuma duk damina sai an ji katanga ta faɗa wa mutane. Amma wannan gyara yake nema: harsashin dutse da siminti, tubalin jar ƙasa da aka matse da inji aka ɗan sa masa siminti, da rufi mai fiffike da zai kare bango daga ruwa. Haka Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, kuma a 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Zafin Gando bai fi namu sauƙi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke yin rukunin gidaje. A turo katafila ta share fili tas, har ɗorawa da tsamiyar da suka girmi kowa, a jera akwatunan bulo, ba zaure, ba inuwar da dattawa za su shimfiɗa tabarma, ba filin da yara za su yi langa. A nan kuwa sau da yawa tsohuwar bishiya ake kewayewa da shinge kafin a fara aiki, a tsara gidaje kewaye da ita. Me zai hana a sa sharaɗi a jihar Katsina cewa duk ɗan kwangilar da zai gina rukunin gidaje sai ya bar manyan bishiyoyi, ya kuma dasa gandun turare da darbejiya da giginya a gefe? Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun dawo da miliyoyin itatuwa, musamman gawo, ta hanyar barin tohon da ya fito a gona su riƙa yi masa sassabe. Iyaka kawai ta raba mu da su.

Bana na tura kuɗi a fara mini ɗaki biyu a filina na Daura. Na roƙi Baffa a yi da tubalin ƙasa, a nemo tsohon magini ya koya wa yaran birkila, a kuma binne ƙwallon giginya ashirin a bayan fili. Ya yi shiru, sannan ya ce giginya ba ta yi wa mai dasa ta azara, sai jikansa. Na ce na sani, Baffa. Ya ce to, shi zai tsare su kada yara su tone su ci muruci.